Goruba Uku a Kan Kwano

Garin Magaji, ta Gangara,
ran Laraba, kwana tara da ruwan shuka.

Zuwa ga ƙanwata Ummuhani, a Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Garzali da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? An ce har yanzu da faɗa kike tashi, da addu'a kike zama. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ku haƙurin zafin garin nan naku da ba a ganin ganye sai a cikin miya. Mu nan alhamdu lillahi. Ruwa ya sauka, mun shuka gero da wake a gonar gabas, har sun fara leƙowa. Uwargida Zulai tana nan da ƙarfinta, bakinta ma bai ragu ba, za ki ga alamar haka a ƙasa. Ɗiyarmu Saliha ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace, kuma sunanki aka sa mata. Tun ranar suna ba ta yi shiru ba, kowa ya ce sunan ya bi ta.

Saƙon muryarki ya iso ta portabul ɗin Zulai, na saurare shi sau uku. A na farko ban ji komai ba sai kuka da jan hanci. A na biyu na tsinci sunana da na marigayi Baba. A na uku ne na gane cewa wata matar direba ta gaya miki wai yayanki Na'Allah, ladanin Garin Magaji shekara talatin da ɗaya, ya je coci ran Lahadi ya ba da shaida a gaban jama'a, har an ƙwace lasifikar masallaci daga hannunsa. Kika ce in gaskiya ne kada in sake kiran ki ƙanwa. To, Ummuhani, share hawayenki ki gyara zama. Na je, na kuma ba da shaida, wannan ba ƙarya aka yi mini ba. Sauran sai kin bi ni a hankali. Na ƙi amsa miki ta waya don na san halinki, kafin in gama sallama kin yanke hukunci kin kashe wayar. Takarda kuwa ba ki da yadda za ki katse ta.

Kin dai sami labarin rasuwar Rabo, maƙwabcinmu na bayan katanga, wanda mutanen majami'a ke kira Dattijo Irmiya. Mu Rabo muka san shi tun muna yawo ba wando. Shi ne ya ɗauke ki a wuya ranar da ƙaya ta shige miki ƙafa a Gulbin Kaba, kika yi ta dukan kansa kina cewa ya yi sauri, kamar jakin gidanku. A tsakiyar bazara ciwon ƙirji ya kama shi, 'ya'yansa suka kai shi likita a Maraɗi. Ya kwana shida ya ce su maido shi gida, wai shi ba ya iya jinya a inda ba ya jin kukan awakinsa. Da dawowarsa da mako biyu mai abu ya karɓi abinsa, ran wata Talata da hantsi. Musulmin unguwa da mutanensa tare suka haƙa kabarin, ni tulun ruwa aka ba ni in riƙe, wai na tsufa da ɗaga gatari. Har ya tafi ba mu gama gardamar wanda ya girmi wani ba. Shi ya ce ya ba ni damina guda cif, ni na ce kasuwar Gangara ɗaya ce tsakaninmu. Yanzu da babu mai musa mini, sai na ga maganar ba ta da wani daɗi.

Tun zamanin ubansa gidansu Kirista ne, kin sani, kuma da ya manyanta shi ya zama dattijon ikilisiyarsu, gida goma sha ɗaya. Shi ke buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da ke rataye a iccen bedi, dogon-yaron nan na majami'a, ran Lahadi, shi ke raba faɗan miji da mata, nasu da namu. Dabararsa ta sulhu guda ce. Sai ya zaunar da su ya fara ba da labari tun daga auren kakanninsu, ba ya tsallake ko ƙwarya ɗaya ta kayan ɗaki, har masu faɗan su dubi juna su ga gara su shirya da su jira ƙarshen labarin. Muryar waƙa kuwa ba a ba shi ba, kuma ba wanda ya sami ƙarfin halin gaya masa. In ya ɗaga waƙa a majami'a zabin unguwa sukan koma bayan gari sai an tashi. Duk Kirsimeti ni yake kira in yanka masa akuya don kowa ya ci, ya tsaya a kaina yana cewa in ɗaga murya da bisimillar, kada gobe wani ya ce an ba shi mushe a gidan Rabo. Da Sallah shi ne farkon zuwa, ya ci, ya siɗe hannu, sannan ya ce ragon bara ya fi mai.

Yanzu zan gaya miki abin da na ɓoye miki shekara talatin da ɗaya, ko da yake ke ya kamata ki fi kowa zargi, don kin san barcina. Kin tuna ranar da Baba ya aike ni Gazawa a kan jaki, na farka a gonar wasu mutane jakin yana cin dawarsu, masu gonar sun kewaye ni suna shawarar ko gawa ce aka ɗoro. Da tsohon ladan ya rasu aka ba ni ladanci saboda murya, ba wanda ya je ya tambayi Inna yadda ake tashina. Makon farko na makara asuba sau biyu. Na sayi agogo mai ƙararrawa a kasuwar Gangara, ya tashi kaji, ya tashi Rabo a bayan katanga, ni da Zulai ko motsi, don Allah ya haɗa ni da daidai ni. Ina cikin tunanin in maida wa mutane amanarsu, sai wata asuba muzuru ya shiga akurkin Rabo. Ya rarumi ƙodagon goruba ya jefe shi, ya kuskure, ƙodagon ya sauka a kan kwanon ɗakina. Ummuhani, na ɗauka bindiga aka harba mini a kunne. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakar gida ina salati ba. Rabo ya leƙo ta kan katanga, ya dube ni, ya dubi gabas, ya ce tunda dai na riga na tashi ai sai in wuce in kira salla, mutane na jira.

Daga ranar aka ɗora. Shi mai sammako ne, yakan tashi ya yi addu'arsa ya karanta Littafinsa, in ya ga lokaci ya yi sai ya jefo goruba uku, ɗaya bayan ɗaya. Ta farko in buɗe ido, ta biyu in tuna sunana, ta uku in sauko daga gado. In ta ukun ba ta yi aiki ba sai ya matso jikin katanga ya ce malalacin Musulmi ya tashi, Ubangiji na jira, shi kuma yana da gona. Duk Juma'a in tattara gorubar a ƙwarya in miƙa masa ta kan katanga kamar mai maida kwanon tuwo. Da azumi yakan ƙara sammako saboda sahur, yana mita wai shi wahalar azumi yake sha ba lada, in an je can sai na raba da shi. In tafiya ta kama shi, ni ma sai mura ta kama ni, in ce wani ya riƙe mini kwana biyu. Ana nan sunana ya kai har Agye, ana cewa ladanin Garin Magaji ba ya makara, wani ɗan kasuwa ma ya taɓa gyara agogon hannunsa da kirana. Ni kuwa in sunkuyar da kai in ce baiwa ce daga Allah. Rabo yana gefe yana jin ana yabona, sai ya kaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa, shi shaida ne, baiwar daga sama take faɗowa.

Ko da ya dawo daga Maraɗi ba ƙarfi, bai fasa ba. A tabarma yake jifan daga ƙofar ɗakinsa. Ta ƙarshe da ya jefo, ana saura kwana biyu ya cika, da ƙyar ta kai bakin kwanon, ta gangaro ta faɗo gaban ƙofata. Ranar dai idona biyu. Na tsince ta na sa a aljihu, ban maida masa ba.

Bayan an binne shi, cikin kwana goma na makara sau huɗu. Rana guda ma har gari ya waye tangaran kafin in kai masallaci, wani ya tambaye ni ko an fara yi wa walha kiran salla ne. Ba irin dabarar da ban yi ba. Na sa portabul a ƙarƙashin matashin kai, ya yi kukansa har ya gaji. Na ɗaura igiya daga ƙafata zuwa wuyan akuya, tunda ita tana sammako, na farka na tarar ta cinye igiyar ta kwanta. Mutane suka ce baƙin cikin rashin aboki ne, ni kuma na lafe a bayan wannan magana, don akwai gaskiya a cikinta. Amma na fara jin samari na ambaton Abdurrahaman ɗan gidan Magaji, wanda ya dawo daga karatu da murya mai kyau da agogon da ba ya kuskure. Na san in na ƙara makara sau ɗaya ko biyu lasifikar ta tafi. Ke kin san abin da ladancin nan yake a wurina. Ban yi sarauta ba, ban je Makka ba, ban tara shanu ba. In an tambaya me Na'Allah ya yi a duniya, shi ke nan abin da za a nuna.

Ana haka sai ga Fasto Zakariya, mutumin wajen Gidan Rumji da ke jagorantar majami'arsu, ya yi sallama ya zauna a zaurena. Bayan gaisuwa ya ce ran Lahadi za su yi taron tunawa da Dattijo Irmiya, kuma ikilisiya na so in zo in ba da shaida a gaban jama'a. Ni shaida ɗaya na taɓa bayarwa a rayuwata, a wajen jandarma a Gazawa, kan shanun da suka shiga gonar wani, aka tsayar da ni tun hantsi har la'asar ana tambayata launin saniyar da ban gani ba. Sai na ce masa wane marar tausayi ne ya kai ƙarar Rabo, mutum ko kwana arba'in bai yi a ƙasa ba, in kuwa maganar iyakar gonarsa ce ta wajen gawo to ni ban ga komai ba, ranar ma ba na gari. Fasto ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce ba mai ƙarar kowa. A wurinsu shaida ita ce mutum ya miƙe a cikin taro ya faɗi alherin da ya gani da idonsa, ba ƙari ba ragi, don a gode wa Allah. Na ce in dai wannan ne ba komai, zan zo.

Abin da ban sani ba, Zulai na bayan zana tana tankaɗe. Ita kuwa cikin maganar duka kalma huɗu ta kama: majami'a, Lahadi, shaida, gaban jama'a. Ba ta tambaye ni ba, ta ɗauki tulu ta nufi rijiya ta gaya wa ƙawarta don ta ji sanyi a ranta. A bakin rijiya shaida ta koma shahada. Kafin azahar na bar addini. Kafin la'asar an raɗa mini suna Bitrus. Ranar kasuwar Gangara aka ce an yi mini alkawarin moto mai ƙafa biyu sabuwa fil, mai kabu-kabu guda har ya zo yana tambaya ko zan ba shi haya. Na ce masa in ta iso zan aika a kira shi. To daga wannan rijiyar ne matar direbanki ta ɗebo nata, ta kawo miki har Arlit ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Da la'asar ɗin Juma'a Liman Abdulhadi ya zo da kansa. Ya tambayi lafiyar Zulai, ya tambayi awaki, ya tambayi rumbu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon kwanon ɗakina, sannan ya ce ya ji wata magana da ba ta yi kama da ni ba. Na warware masa komai. Ya ce shi ya yarda, amma kunnen gari ba ya hutawa sai ido ya gani, saboda haka zai raka ni da dattawa biyu su zauna a gefe, tunda an ce a waje za a yi taron, ƙarƙashin bedi. Na yi masa godiya. A raina na ce ba komai, ai na riga na shirya abin da zan faɗa: Rabo maƙwabcin kirki ne, yana ba da aron amalanke, ba ya riƙe mutum a zuci, Allah ya ba iyalinsa haƙuri, in zauna. Maganar goruba kuwa ta bi shi kabari, tunda mu biyu muka san ta.

Ran Lahadi wurin ya cika, har daga Sae Sabuwa an zo. Aka ba ni benci a gaba, Liman da dattawansa suka shimfiɗa buzu a gefen inuwa suna jan carbi. Aka yi waƙoƙi, na kuma lura zabi ba su gudu ba, abin ya sosa mini rai fiye da yadda na zata. Sai aka fara ba da shaida. Wani ya miƙe ya ce shi bai taɓa ganin Dattijo Irmiya ya yi fushi ba. Na tuna ranar da ya bi wani mai moto da ƙotar fartanya har bakin gari don ya take masa zabuwa. Wata ta miƙe ta ce in Dattijo ya ɗaga waƙa sai ka ji kamar an buɗe sama. Na dubi matarsa Rifkatu, ita kuma ta dubi ƙasa tana gyara ɗaurin kallabi. A nan maganarsa ta dawo mini. Ana saura kwana uku ya rasu ina zaune a gefen tabarmarsa, ya ce ya san in ya mutu mutanensa za su yi masa ado, suna son sa ne, ba yadda zai yi da su. Amma ni, in na miƙe na shafa masa kwalli, to in sani yana ji, kuma bai yafe ba. Ya ce in faɗi abin da na gani kawai, ai ni ma an koya mini hukuncin mai ɓoye shaida.

Fasto ya kira sunana. Na miƙe, na yi sallama, taron duka ya amsa. Na fara da amalanke kamar yadda na tsara. Na sa hannu a aljihu, sai na taɓo gorubar nan. Ummuhani, na dubi Liman, na dubi Abdurrahaman da ke tsaye can baya da agogonsa, na san in na buɗe baki na gama da ladanci. Na kuma san in na zauna a kan amalanke na ci amanar mutumin da ya tashe ni sama da asuba dubu goma bai taɓa gaya wa kowa ba. Sai na fito da ita na ɗaga sama. Na ce jama'a, ladanin da kuke yabo ba ya makara, ga ladanin nan a hannuna, ni murya kawai nake bayarwa. Na faɗi muzuru, na faɗi goruba uku, na faɗi malalacin Musulmi, na faɗi murar ƙarya da nake yi in ya yi tafiya, har akuyar da ta cinye igiya ban rage ba. Na ce shekara talatin da ɗaya duk wanda ya sami sallar asuba a kan lokaci a garin nan, Kirista ne ya tashi mai tashinsa. Na ce ban taɓa yi masa godiya ba, don kullum ina ganin gobe ma yana nan. Daga nan muryar da nake taƙama da ita ta ƙi fita, na zauna.

Sai Rifkatu ta fashe da dariya, irin wadda hawaye ke biyo ta, mata suka kama, maza suka kama. Na saci kallon Liman, na ga ya rufe fuska da gefen rawani kafaɗunsa na rawa. Da aka tashi ya ja ni gefe. Ya ce Malam Na'Allah, gida huɗu ne tsakaninmu, kana tsammanin goruba a kan kwano raɗa take yi? Ya ce shi kansa tun yana na'ibi da gorubar farko yake tashi, kafin ta uku ya gama alwala, rabin unguwa haka suke, kirana dai tabbatarwa ne. Ya ce su duk sun ɗauka na san sun sani, suna ganin kunya ce ta hana a yi maganar. Wato shekara talatin da ɗaya ina ɓoye abin da har kajin garin sun haddace. Amma da ya gama dariyarsa sai ya gyara fuska. Ya ce lokacin salla amana ce, kuma mai jifa ya tafi. Ya ba ni mako guda. In na makara ko sau ɗaya, in miƙa wa Abdurrahaman lasifika da hannuna, ba wanda zai ga laifin kowa. Na ce ya yi adalci. Na koma gida na goge lasifikar, na naɗe wayarta da kyau, don yaron ya same ta a tsabtace.

Washegari da asuba sai na ji tau a kan kwano. Na yi zumbur na diro, na ce shi ke nan, Rabo bai gamsu da shaidar ba ya dawo da kansa. Na fito ba hula ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na tarar tulun Zulai a fashe ruwa na malala, akuya na ɗingishi tana kallona kamar ni na yi mata. Na ɗaga kai, sai ga kan Rifkatu a saman katanga, ta hau kan turmi, tsohuwa mai shekara kusan saba'in, tana haki. Ta ce kada in tsaya ina zare mata ido, wannan ita ce ta tara da ta jefo, hannunta bai saba ba, in wuce in kira salla tukuna.

Da hantsi na zaga gidan, ta nuna mini buhu guda cike da ƙodagon goruba a bayan ƙofa. Ta ce tun kafin a kai shi Maraɗi ya tara su. Ya bar mata wasiyya cewa ta ci gaba da tashin malalacin nan, amma kada ta jefa ko ɗaya sai ranar da na faɗi gaskiya da bakina a gaban mutane. In na ƙi, ta bar ni in yi ta barci har a karɓe lasifikar, ya fi mini alheri. Shi ne kuma ya sa Fasto ya rubuta sunana cikin masu ba da shaida. Ta ce kwanakin nan da nake makara tana jin minsharina ta katanga, hannunta na ƙaiƙayi, amma alkawari ta ɗauka. Kin ji, Ummuhani. Mutum yana kwance numfashi na yi masa wuya, ashe tarko yake haɗa mini. Na zauna a kan turmin nan na yi dariya, na yi kuka, na ce wa Rifkatu mijinta mugu ne. Ta ce ita ta fi ni sani, shekara arba'in da shida.

Makon ya cika ban makara ko sau ɗaya ba. Asarar dai tulu biyu ce da ƙwaryar nono da hular da na shanya, amma zuwa ran Alhamis hannunta ya faɗa, yanzu da uku take gamawa kamar maigidanta. Liman ya bar mini lasifika, Abdurrahaman na riƙe mini in Rifkatu ta je ganin jikoki, ba sai na ƙirƙiri mura ba. Sharaɗinta biyu ne, in maido gorubar ran Juma'a, kuma in yanka akuyar Kirsimeti kamar kullum. Zulai ta koma rijiya ta janye maganarta, sai dai janyewar ba ta da ƙafa irin ta farkon, shi ya sa ba ta riga ta iso Arlit ba. Mai kabu-kabun ma har jiya ya tambaye ni moto.

Kin san ni ba malami ba ne, ban san iyakar abin da ya halatta in roƙa wa Rabo ba. Na bar shi a hannun wanda ya halicce mu duka, shi ya ga wanda ke tashi kafin kowa, ba sai na ba shi labari ba. Abu ɗaya dai zan ƙara miki. Ruwan farko da aka yi, ɗakina ya yi yoyo a wuri guda tak. Na hau na duba, ashe duk shekarun nan wuri ɗaya yake samu, bai fi tafin hannu ba, har kwanon ya lotsa ya huje. Kuma daidai saitin fuskata yake. Zulai ta ce a kira mai gyara ya liƙe, ko in ja gadon gefe. Na ce mata a bar shi tukuna.

Ki gaishe mini da Malam Garzali, ki ce na gode da bai biye miki ba. Ki gaida Balkisu da maigidanta, da Abdulmumini in ya dawo daga aiki, da Nana Aisha da sauran jikoki. Zulai na gaishe ki, ta ce ki yafe mata kukan da ta sa ki. Saliha da takwararki na gaishe ki. Rifkatu ma ta ce in gaya miki har yanzu ana bin ki godiyar ɗaukar da aka yi miki daga Gulbin Kaba, in kin zo ki shiga ki yi mata gaisuwa da bakinki. Matar direban kuma ki karanta mata takardar nan tun daga sama har ƙasa, kada ki tsallake ko layi ɗaya. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanki, in har kin maida ni,
Na'Allah, ladanin Garin Magaji har yanzu.